Ninkawa ba maimaita tarawa ba ce kaɗai

A watan Yunin 2008, Keith Devlin, masanin lissafi a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya tayar da ƙura bayan ya roƙi malaman firamare su daina gaya wa yara cewa ninkawa maimaita tarawa ce. Malamai da dama suka yi masa ca. A ganina yana da gaskiya, sai dai ya ɗan wuce gona da iri.

Masu sukarsa suna da madogara. Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid, masanin lissafi na tsohuwar Girka, ya bayyana ninkawa a littafinsa na bakwai da cewa a tara lamba sau adadin ɗaya lambar. Tsarin lambobi da Giuseppe Peano, masanin lissafi na Italiya, ya fitar a 1889 ma a kan tarawa ya gina ta. Muddin cikakkun lambobi ake magana, 4 × 3 daidai yake da 4 + 4 + 4, babu gardama.

Matsalar tana ɓullowa ne da zarar an bar cikakkun lambobi. Rabi sau rabi kwata ne. To ta yaya za a tara rabi "rabin sau"? Ko a ɗauki fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100. Girmansa murabba'in ƙafa 5,000 ne. Ka yi ta tara ƙafa a kan ƙafa har gobe, tsawo za ka samu, ba fili ba. Ninkawa ta haifar da sabon ma'auni, abin da tarawa ba ta taɓa yi, domin ita sai abubuwa iri ɗaya take haɗawa. A 1637 kuma René Descartes, masanin lissafi na Faransa, ya nuna ninkawa a matsayin miƙa layi ko taƙaita shi gwargwadon wani ma'auni, bayanin da ya ɗauki rabi da kwata ba tare da tangarɗa ba.

Yaron da aka cusa wa cewa tarawa ce kawai yakan ɗauka ninkawa kullum ƙara yawa take yi. Ranar da ya ga 0.5 × 8 ya ba da 4, sai ya zaci ya yi kuskure, ya goge amsar da take daidai.

Inda na rabu da Devlin shi ne batun a daina baki ɗaya. Ɗan aji biyu da tsakuwa ko murafun kwalba yake fara ƙirge, kuma hakan ya dace. Abin da nake so malami ya cire kalma ɗaya ce, "kawai". Ya ce wa yara wannan hanya ce ta samo amsa, akwai wasu a gaba, sannan kafin su kai ga rabi da kwata ya zana musu fili a allo su ƙirga murabba'an da ke ciki.