Idan Dare Ya Yi Tsawo, Kada Mu Hura Wutar Kanmu

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Almasihu, akwai wata magana a littafin annabi Ishaya, sura 50, aya 10 da 11, wadda take da nauyi ƙwarai ga duk wanda yake cikin ƙunci. Annabin yana magana ne a kan mutumin da yake tsoron Ubangiji, yake kuma biyayya, amma duk da haka yana tafiya cikin duhu, ba shi da haske. A lura da kyau, ba ɗan tawaye ake nufi ba, mai tsoron Allah ne. Saboda haka, duk wanda ya ce maka ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko rasuwar da aka yi maka, ko aikin da ya kuɓuce daga hannunka, lalle shaida ce cewa Allah ya juya maka baya, to ya faɗi abin da Littafi Mai Tsarki bai faɗa ba. Abin da aka umarci wannan mutum shi ne ya dogara ga sunan Ubangiji, ya jingina ga Allahnsa.

Gargaɗin yana aya ta 11, inda aka yi magana da waɗanda suka gaji da duhun, suka hura wa kansu wuta domin su yi tafiya cikin haskenta, aka kuma ce ƙarshensu kwanciya ce cikin azaba. A ganina, a nan ne yawancinmu muke yin tuntuɓe, domin wahala ba ta cika raba mutum da Allah ba kamar yadda gaggawar fita daga cikinta take yi.

Sarki Saul ya isa misali. Yana Gilgal, abokan gābansa Filistiyawa kuwa sun yi sansani a Mikmash, sojojinsa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya a gaban idonsa, ya jira annabi Sama'ila kwana 7 bai ga ƙeyarsa ba, sai ya ɗauki hadayar ƙonawa ya miƙa da kansa, alhali Sama'ila ne ya kamata ya miƙa ta. Gamawarsa ke nan, sai ga Sama'ila ya iso. Tazarar da take tsakanin biyayya da faɗuwarsa ba ta da yawa ko kaɗan, wannan kuwa abin tausayi ne matuƙa. Daga baya, sa'ad da ya nemi Ubangiji bai sami amsa ba, ko ta mafarki ko ta bakin annabawa, sai ya ɓad da kama, ya tafi Endor da dare wurin wata bokanya, alhali shi da kansa ya kori irinsu daga ƙasar. A kan dutsen Gilbowa ya ƙare, shi da 'ya'yansa 3. Wutar da muke hurawa a yau ba ta bambanta da tasa ba: zuwa wurin boka a ɓoye, ƙarya a kan takarda domin a sami mafita, ramuwar gayya, ko bin duk wanda ya yi alkawarin al'ajibi idan aka biya shi.

Yusufu kuwa yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 kafin ya tsaya a gaban Fir'auna. A cikin shekarun nan 13 akwai bauta a gidan Fotifar, da ƙazafi, da kurkuku, da shekara 2 cur da shugaban masu shayar da Fir'auna ya manta da shi a kurkuku. Babu wanda ya bayyana masa ma'anar abin da yake faruwa, sai daga baya ne ya iya ce wa 'yan'uwansa sun nufe shi da mugunta, amma Allah ya nufi alheri. Haka ma Fitowa 13:17 ta nuna cewa Allah bai bi da Isra'ilawa ta hanyar ƙasar Filistiyawa ba, ko da yake ita ce ta kusa, domin ya san idan suka ga yaƙi za su koma Masar. Doguwar hanyar jinƙai ce, amma su ba su sani ba a lokacin.

Zabura 119:105 ta kira Maganar Allah fitila ga ƙafafu, mai riƙe da fitila kuwa takun da yake gabansa kawai yake gani. Wannan takun a yau yana iya zama addu'a ko da zuciya ta bushe, ko ƙin janye jiki daga ikilisiya, ko zuwa asibiti da shan magani, ko buɗe baki a nemi taimako. Dogara ga Allah kuma ba ta hana kuka ba, gama Zabura 88 cikin duhu ta ƙare, Ubangijinmu Yesu ma ya ce ransa yana baƙin ciki har ga mutuwa a Getsamani, kafin ya miƙa kansa ga nufin Uba.

Ku kuma da ɗan'uwanku yake cikin wannan hali, ku je ku zauna tare da shi. Abokan Ayuba sun zauna a ƙasa tare da shi kwana 7, dare da rana, ba su ce uffan ba, sai da suka fara fassara masa dalilin wahalarsa ne suka jawo wa kansu fushin Ubangiji.