Azurfar Faransa tana da hatimi, tamu tana da maƙeri

A kasuwannin tsofaffin kaya na nan Faransa, irin ta Saint-Ouen da ke bakin Paris ko wadda ke ci a Lille farkon watan Satumba, mai neman azurfa ba ya tambayar mai kaya komai. Cokalin zai ɗauka, ya kifa shi, ya ɗora madubin ƙara girma a kai. A Maradi kuwa, wanda ya gaji tsohuwar munduwa ko butar shayi, wurin maƙerin fari zai nufa, shi ko ya jinjina ta a tafin hannu, ya goga a dutse, ya yanka mata kuɗi. Ni dai a ganina hannun maƙerinmu ya fi na Bature sanin ƙarfe. Amma Bature ya fi mu sanin shekarun abu da wanda ya ƙera shi, kuma a nan ne ake cin mu da ciniki.

Abin da ake nema a jikin cokalin bai wuce girman ƙwayar dawa ba. Tun 1838 hukumar Faransa ke buga wa azurfar gaske kan wata mace mai hular yaƙi, ana ce mata Minerve. In akwai lamba 1 kusa da kan, azurfar kashi 950 ce cikin 1000, sai daga 1973 aka mayar da ita 925. In lamba 2 ce, kashi 800. Wanda ya ga zakara ko kan wani tsoho mai gemu, ya riƙe da kyau, don kayan ya girmi 1838. Gefe kuma akwai tambarin maƙeri, kuma siffarsa ita ce babbar shaida: mai kusurwa huɗu da tsini, kamar dagi, na azurfa zalla ne, wanda yake a miƙe kamar bulo na kayan shafe ne, wato farin ƙarfe da aka yi wa rigar azurfa.

Inda ƴan uwanmu suka fi faɗawa rami shi ne lambobin 84, 90 ko 100. Mutum ya ga 84 ya ɗauka kashi 84 cikin ɗari ne. Ina! Giram nawa na azurfa aka shafa wa dozin ɗin cokula da dozin ɗin masu yatsu gaba ɗaya, shi lambar ke faɗa. Haka ma haruffan EPNS a kayan Ingila, waɗanda kan ɓullo mana ta Jibiya da Kano: shafe ne. Na gaskiyar Ingila zaki ne mai tafiya da ƙafa ɗaya a ɗage, ma'anarsa 925. Na Jamus jinjirin wata da kambi, tun 1888.

To, kayanmu na gida fa? Munduwa, ƙarau, zobe, sarƙar Buzaye, babu hukumar da ta buga musu komai. Da yawansu daga narkakken kuɗi aka ƙera su. Liyari, wato tsohon kuɗin azurfa na Ostiriya, nauyinsa giram 28 ne, azurfarsa kashi 833, kuma kada 1780 da ke jikinsa ta ruɗe ka, don shekarar nan ce aka ci gaba da bugawa a kan kowane sabo. Tsohuwar dalar Faransa ta azurfa giram 25 ce, kashi 900. In kakarka ta bar irin waɗannan a adaka, sikeli kaɗai zai faɗa maka rabin labari, sai dai a tuna huda da ɗaurin mariƙi suna canza nauyin kaɗan.

Mayen ƙarfe ba alƙali ba ne. Abin da ya kama ba azurfa ba ne, wannan haka yake, amma ai tagulla da farin ƙarfen Bature ma ba ya kama su. Launi ya fi shi gaskiya: azurfa baƙi take yi in ta daɗe, tsatsa kore kuwa jan ƙarfe ne ke magana daga ciki. A cokali, duba gadon bayansa inda yake gogar tebur, da tsinin yatsu. In ka ga wani rawaya-rawaya ya leƙo, riga ta yage.

Gwajin da nake so a ce kowane maƙeri a Maradi ya ƙara a kan nasa shi ne na ruwa, don ba ya ɓata kaya. Ƙaramin sikelin lantarki na masu zinariya ya isa. Auna abun tukuna. Sannan ɗora kofin ruwa a sikelin, mayar da shi sifiri, rataya abun da zare ka nutsar da shi duka ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofi ba. Raba lambar farko da ta biyu. Cokali mai giram 60 da ya nuna 5.8 a ruwa ya ba da 10.3, azurfa ke nan. In 6.9 ya nuna, 8.7 ke nan, farin ƙarfe ne. Gwajin ba ya aiki ga wuƙa ko munduwa mai kogo, saboda iska ko ƙaron da aka cusa a ciki.

Abin da ke ci mini rai shi ne kartar kaya da magagari don a ɗiga ruwan gwaji, da kuma saurin kai su wuta. A nan Faransa, cokalin da hatiminsa ya fito sarai yakan fi kuɗin nauyinsa, don ana sayen shekarunsa da hannun da ya yi shi. A gida, munduwar da aka yi wa zane tun zamanin kakanni ana lissafa ta giram-giram, gobe ta koma zoben yayi. In dole sai an karta, a yi a ciki inda ido ba ya kaiwa.

Kuma don Allah, iyayenmu mata, a daina dirje ta da toka ko yashi kamar tukunya. Dirzar nan ce ke shafe hatimi, ta cinye zane. A shimfiɗa takardar alminiyam a roba, a zuba lita ɗaya ta ruwan zafi da babban cokali biyu na bikarbonat, a sa kayan ya taɓa takardar na ƴan mintoci, a ɗauraye, a share da tsumma mai laushi. Mai zane kuwa, tsumman kaɗai ya ishe shi, don wankan nan yana tafiya har da baƙin da ya kwanta cikin zanen, alhali shi ne ke fito da shi.