Sauƙin da muka samu a kasuwa, daga aljihun wa ya fito?

Mu da muke awon tiya a kasuwannin Rimi da 'Yankaba a nan Kano mun yi hamdala da hatsi ya sauko a 2025, bayan wuyar da aka sha tun cire tallafin mai a Mayun 2023. Amma jama'a, ku leƙa Dawanau ku tsaya kusa da wanda ya sauke masararsa daga ƙauye. Dillali zai soka buhu, ya murza ƙwaya a tafin hannu, ya taya. Bawan Allah ya yi shiru yana lissafi: bashin taki tun farkon damina, 'yan ƙwadago, maganin feshi, kuɗin mota. Abin da aka taya buhun masararsa bai sayen buhun taki. Haka zai ce ya sallama, don mai bashi na jiransa a gida.

A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 kan shigo da masara, alkama, wake da shinkafa. Na fahimci dalilin, mutane na kwana da yunwa. Abin da ke ci mini rai shi ne ba a yi wa manomin gida isasshen tanadi ba. Shi kaɗai aka bari da asarar.

Ƙasashen da suka ƙoshi ba haka suke yi ba. Indiya kan bayyana mafi ƙarancin farashi duk shekara, hukumar abincinta da aka kafa a 1965 kuma ta sayi shinkafa da alkama a kan wannan kuɗin. Amurka ma tun 1933 take tallafa wa farashin amfanin gona, kuma a dokarsu ta 2014 akwai tsarin da idan masara ko alkama ta faɗi ƙasa da adadin da aka yanke, gwamnati ke rage wa manomi asara.

Dattawa za su ce ai mun taɓa yi zamanin dalar gyada. Gaskiya ne, amma hukumomin sayen amfanin gona na lokacin sukan saya da araha su sayar waje da tsada, har aka rushe su a 1986. Ba wannan nake nema ba. Shirin bashin noma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 kuwa rance ne.

Abin da nake roƙon gwamnatin jiha da ta tarayya: a faɗi mafi ƙarancin farashin hatsi kafin ruwan shuka, ba bayan girbi ba. Da kaka a kafa sikeli a Kura, Bunkure, Tudun Wada da Doguwa, a auna shanshera da masara a gaban mai ita, kuɗinsa ya shiga asusunsa ranar. Kada a bi ta jerin sunaye, don nan manoman biro ke shiga. Hatsin a zuba a rumbunan gwamnati, idan bazara ta yi tsada ta taso a fito mana da shi nan cikin birni.

In ba a yi haka ba, manomin da ya faɗi bana zai rage gona baɗi, ɗansa kuma ya shigo birni neman tuƙin adaidaita sahu.