Hawan jinin mai ciki daga mabiyiya yake farawa

A nan Ingila, idan mai ciki ta je asibiti tsakanin mako na 20 zuwa ƙarshen na 36 jininta ya ɗan hau, ko ta ce kanta na sarawa, akan ɗebi jininta a auna wani sinadari da ake kira PlGF, don a gano ko ciwon hawan jinin masu ciki ne, wanda likitoci ke kira pre-eclampsia. A gida kuwa, galibi ma'aunin hawan jini da tsinken gwajin fitsari ne kaɗai a hannun ungozoma. Mutanenmu da suka haihu a nan kan ɗauka ratar ke nan. A ganina ratar ta fi nan nisa baya.

Cikin watanni huɗu na farko, ƙwayoyin mabiyiya kan kutsa bangon mahaifa su buɗe siraran jijiyoyin jininta, su mai da su masu faɗi, jini na kwarara a hankali. Idan aikin bai kammala ba, mabiyiya ta shiga ƙishin iskar oksijin. Sai ta riƙa zuba wani furotin, sFlt-1, cikin jinin uwa. Shi kuwa tarko ne: yana kama PlGF da ɗan'uwansa VEGF, waɗanda su ke kula da lafiyar fatar cikin jijiyoyin jini. Da sun yi ƙaranci, jijiyoyi su tsuke, jini ya kai 140/90 ko fiye. Matatar ƙoda ta kumbura, furotin ya zubo cikin fitsari. Hanta ta taɓu, ƙwaƙwalwa ma, har ta kai ga jijjiga. Masu bincike a Boston suka nuna haka a 2003, a 2004 kuma aka ga sFlt-1 kan fara hawa kimanin mako 5 kafin alamu su bayyana.

Amfanin gwajin ba ƙarami ba ne. Wani bincike na 2016 ya nuna cewa idan an raba sFlt-1 da PlGF aka sami 38 ko ƙasa, kashi 99.3 cikin ɗari na matan ba su kamu ba a makon da ya biyo baya. Wato a sallami wannan da kwanciyar hankali, a bar gado ga waccan. Wani na Birtaniya a 2019 ya nuna gwajin PlGF ya rage lokacin gano ciwon daga kwana 4.1 zuwa 1.9.

Amma gwaji ba ya buɗe jijiyar da ta riga ta tsuke. Abin da ke damuna shi ne, ilimin nan ya nuna ɓarnar na faruwa tun ciki bai fito ba, lokacin da mata da yawa ba su fara zuwa awo ba. Asfirin milgiram 150 kullum da dare, daga mako na 11 zuwa 14 har na 36, ya rage ciwon da ke tilasta haihuwar bakwaini da kashi 62 cikin ɗari a binciken 2017, ga matan da ke cikin haɗari. Su waye ya kamata a duba? Mai hawan jini tun fil azal, mai ciwon suga ko na ƙoda, mai tagwaye, da wadda ta taɓa yi a baya. Likita ne zai rubuta, ba a saya da ka. Wadda ta fara awo a wata na bakwai, wannan ƙofar ta wuce ta.

Idan ciwon ya riga ya tsananta, jini ya kai 160/110, ido na ganin dishi-dishi, ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, to nan da gida magani ɗaya ne. A sauke jinin, a ba da maganiziyam salfet, maganin hana jijjiga. Yadda aka fi ba da shi a gida: giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 a ɗuwawu duk awa 4, ana duba numfashi da fitsari da zaburar gwiwa kafin kowace allura, kalsiyam gulukonet, makarinsa idan ya yi yawa, na kusa. Sai a tsara haihuwa, domin sai mabiyiya ta fita sFlt-1 ke sauka. Ko bayan nan a ci gaba da auna jininta, don jijjiga kan zo wa mai jego.