Nasiha Ga Masu Riƙe Da Makullin Ɗakin Karatun Unguwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa na Anguwan Rogo, Rikkos, Gangare, Dilimi, Nasarawa Gwom har zuwa Bukur, mutanen Jos da kewaye, maganar yau ta shafi ɗan ɗakin nan da aka ware a jikin masallaci ko Islamiyya, aka zuba masa littattafai, aka sa masa suna laburare. Ranar buɗewa an kafa rumfa, an yi jawabai, an sha hotuna. Wata uku bai cika ba sai ga kwaɗo a ƙofa, makullin kuwa yana aljihun wani matashi da ya tafi Abuja neman aiki. Littattafan nan sadakar mutane ce, wasu ma na mamata ne da magada suka kawo don ladan ya riƙa isa kabari. Duk ranar da ƙofar ta wuni a rufe, wannan ladan aka tsayar. Mu ji tsoron Allah.

Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Abin da ke kashe azuzuwanmu ba rashin kuɗi ba ne tukuna, wutar kara ce. Kwamiti ya zauna da ɗoki, ya tsara aji bakwai a kwana bakwai, malami ɗaya tal, ɗan sa-kai, mai iyali. Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi. Da aka roƙe shi ya mayar da shi kullum, ya ce yana gudun ya gundure su, kuma haka Manzon Allah (SAW) yake kirdadon lokaci da su. To ku fara da aji biyu a mako, awa ɗaya da rabi kowanne, a rubuta rana da lokaci da manyan baƙaƙe a jikin ƙofa, kada a sauya har wata uku. Maza 'yan kasuwa da masu keke, bayan la'asar, a tashi kafin kiran magariba. Almajirai kuwa Alhamis, ranar da makarantar allo ke hutu. In damina ta kankama, Yuli da Agusta, an san halin ruwan Jos da yamma, a matsar da abin da zai matsu zuwa hantsi, amma a sanar tun mako biyu kafin nan.

Ajin yaƙi da jahilci shi ne ya fi buƙatar hankali. Gemu ba ya hana ilimi, amma kunya tana hanawa. Kada a wuce mutum goma sha biyar. Kada a haɗa dattijo da sa'an jikansa benci ɗaya, ba zai dawo ba, kuma ba zai faɗi dalili ba, sai dai ya ce kasuwa ta riƙe shi. Ranar farko a raba su gida biyu: wanda bai taɓa riƙe fensir ba, da wanda ya taɓa yin aji uku ko huɗu a firamare ya bari. In aka cakuɗa su, na biyun su amshe kowace tambaya, na farkon su yi shiru su yanke hukuncin cewa kansu ba ya ja. Kada a fara da haddar A zuwa Z. A fara da sunan mutum, ya rubuta shi da hannunsa ya tafi da shi gida a ranar, sai lambar wayarsa, sai gaɓoɓi: ba, be, bi, bo, bu. Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa, don haka wanda ya kama wasula biyar ya haɗa su da baƙaƙe, ya soma karatu ke nan. Masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a koyar da su da kalmomi bibbiyu, kamar bari da ɓari, kafa da ƙafa, sai kunne ya ji bambancin kafin hannu ya zana. Wanda ya yi allo kuwa a tuna masa cewa ya riga ya san fataha da kisira da rufu'a, sabon abu kawai shi ne daga hagu ake farawa.

Akwai wani abu da malamai da yawa ba sa lura da shi. Ka ga dattijo ya miƙe hannu da littafi can nesa da fuskarsa, yana tsuke ido, yana rikita b da d, kada ka ce ƙwaƙwalwa ce. Ido ne. Mutum in ya haura arba'in, ganin kusa yakan ragu. A zaunar da shi bakin taga, a ba shi littafi mai faɗin layi da fensir mai baƙi sosai, a kuma ba shi shawarar gwajin tabarau a asibitin ido, a keɓe, ba a gaban aji ba. Haka nan kada a tilasta wa babba fitowa gaban allo. Malam ya zagaya, ya durƙusa gefensa ya ce, "Baba, a ƙara wa wannan ciki kaɗan," ya wuce.

Iyayenmu mata suna da haƙƙi a ɗakin nan, ba alfarma ba. Bukhari ya kawo cewa mata sun ce wa Annabi (SAW) maza sun rinjaye su a wurinsa, ya sanya musu rana tasu, ya kuwa sanya. Shifa'u 'yar Abdullahi ta koya wa Hafsa rubutu. A ƙasarmu Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, jajojinta, wato malamai mata da ta horar, suna kai karatu ƙauyuka. Lokacin mata daga ƙarfe goma zuwa sha biyu saura, bayan yara sun tafi makaranta, kafin ɗora sanwar rana. Malama mace, kuma a wannan lokaci ɗakin nasu ne su kaɗai, a kori samarin da ke zaman hira a bakin ƙofa, don su ne ke sa magidanta janye izini. A shimfiɗa tabarma a kusurwa saboda masu goyo. Ajin da ya ce ban da jarirai, ya ce ban da mata ne.

Matasa kuma kwamfuta ke kawo su. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. A tsarin yanzu, darussa huɗu ne, tambaya 180, awa biyu. Wato daƙiƙa arba'in ga kowace tambaya. Yaron da bai taɓa taɓa madannai ba zai ƙone minti goma yana rawar hannu kafin ya amsa ta farko, alhali karatun yana kansa. Mutum biyu a kan na'ura ɗaya, minti talatin talatin, a saba da danna A, B, C, D, da N don zuwa gaba, P don komawa baya, kuma a riƙa gwaji da agogo a gaba. In za a saya, a sayi laftof, cajarsa ba ta cika wuce wat 65 ba, biyar ma ƙaramin janareta zai ɗauke su, kuma in an ɗauke wuta batir ya riƙe aikin. Janareta a waje, nesa da taga, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba. A hana cusa filas (ɗan abin ajiyar bayanai) na kowa da kowa, ta nan ƙwayar cutar kwamfuta ke shiga. Fuskar na'ura ta kalli tsakiyar ɗaki, ba bango ba. Mai hankali ya san dalili.

Idan wanda ya iya lissafi ko kwamfuta a layinku maƙwabcinku ne Kirista, ku roƙe shi ya koyar, 'ya'yansa ma su zo su yi karatu. Bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da kuɗin fansa amma sun iya rubutu, fansarsu ita ce su koya wa yaran Madina. Garin nan ya sha wuyar raba unguwanni, ba sai an tuna wa kowa ba. Kuma ɗakin karatu ba filin muƙabala ba ne. Mai son gardamar ƙungiya ko ta jam'iyya ya nemi wata inuwar.

Sai maganar aro, inda mutanen kirki ma ke zamewa. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 58, yana umartarku ku mayar da amanoni ga masu su. Annabi (SAW) da ya ari sulke wurin Safwan ɗan Umayya zai fita Hunaini, cewa ya yi aro ne da aka lamunce. Littafin laburare da ya shekara a kan durowarka, ko da na fiƙihu ne, ko da kai malam ne, ba naka ba ne, ka mayar gobe. Mai kula kuma ya ajiye rajista mai bangon kwali: rana, suna, lambar waya, lambar littafi, ranar dawowa, sa hannu. Littafi ɗaya, mako biyu. Mai mujalladai da ƙamus ba sa fita, don in juzu'i na uku ya ɓata, sauran sun zama marayu. Limami da ɗan mai unguwa duk su sa hannu. Ranar da aka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, rajistar ta mutu.

Littafi kuma yana da maƙiya da ba sa aro. A ɗaga kanta taƙi ɗaya daga ƙasa, a janye ta daga bango faɗin tafin hannu, saboda laimar damina da gara. Duk Juma'a a leƙa bayanta, in an ga siririyar hanyar ƙasa tana hawa bango, gara ta iso. A duba kwano tun watan Maris kafin ruwan farko. Littafin da ya jiƙe ba a shanya shi a rana, zai kumbura ya lanƙwashe. A tsayar da shi a buɗe a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa sa farar takarda tsakanin shafuka ana sauyawa. Wanda ya yi fumfuna a raba shi da sauran. Salatif yana busar da gam ya bar tabo, a ɗinke da zare ya fi. Mus'hafai a kanta ta sama, su kaɗai. Ban da cin gyaɗa da biskit, ɓurɓushinsu ke gayyato ɓera da kyankyaso. In sanyin Disamba ya matsa, a sa rigar sanyi, amma kaskon gawayi da kyandir ba sa shiga. Mutanen Jos sun ga yadda gobara ta ci ɗakin karatun jami'a a Naraguta a watan Oktoban 2016. A kashe soket duka kafin a kulle, a ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa.

Malamin sa-kai kuma, "Allah ya saka da alheri" ba ya biyan kuɗin keke. Magidanta goma su ɗauki nauyin kuɗin motarsa da alli da littattafan rubutu duk wata, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a manna a bango. Kowane aji a ba shi mataimaki da zai tsaya ranar da malam ke da suna ko jana'iza. Makulli a yanka uku: ɗaya wurin mai kula, ɗaya wurin malamar mata, ɗaya wurin ladan, tunda shi sau biyar yake zuwa wurin a yini.