Yadda na rina shaddata a gidan Kawu

Tunda hoton ya riga ya zaga gurup ɗin gida, gara in faɗa da bakina kafin direban Kawu ya ƙara masa gishiri.

Kun san suwimin-ful ɗin da Kawu ya haƙa a bayan gida, wanda shi kansa bai taɓa tsoma ko ɗan yatsa a ciki ba. A ɗakin injin akwai wani farin gwangwanin roba da ake jera ƙwayoyin kilorin a ciki, manyan nan masu faɗin inci 3. Siririn tiyo ɗaya ne ke ɗebo ruwa daga bututu da zarar ya baro famfo, ruwan ya bi ta kan ƙwayoyin ya lashe su, wani tiyon ya mayar da shi bututun da ke komawa ful bayan filta. Iyakar aikin ke nan. To tiyon biyu sun bushe, sun yi rawaya, kana lanƙwasawa sai su karye kamar ɗanyar taliya, ruwa na ta ɗiga. Mai gyara ya faɗi kuɗinsa, Kawu ya yi salati, ni kuma bakina ya riga hankalina: "Kawu, ai wannan ba wani abu ba ne." Ni da aikin akanta na karanta.

Ranar Alhamis na shiga Sabon Gari na sayo tiyo mita 3, notocin roba, farin tef, da ɗan bawul ɗin nan mai hana ruwa komawa baya. Na so in ɗauki notin tagulla don a ga an yi gyara na kece raini, mai shagon ya ce kilorin cinye tagulla yake yi, roba ce daidai da shi. Na ji haushin yadda ya faɗa, amma na bi.

Asabar akwai ɗaurin auren da za mu je ƙarfe 11. Na ce minti 20 ya ishe ni, sai na biya ta gidan a cikin shuɗiyar shaddata ta sallah, sawa ta biyu, ko karin guga bai saki ba. Na tarar babu wuta, famfo shiru. Na ce alhamdulillahi, an rage mini aikin kashewa. Ku riƙe wannan maganar.

Direban yana zaune a kan bokiti a bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa. Ban san me na tsare wa mutumin nan ba. Tun shekarar da na canja wa Hajiya batirin rimot yake kirana "Injiniya", kuma sai ya ja ƙarshen kalmar yadda kowa zai gane ba yabo ba ne. Naira 5,000 ɗina na hannunsa tun azumin bara, ya ce zai kai yarinya asibiti, bayan kwana biyu na gan shi da sabon murfin waya mai walƙiya. Ban taɓa yi masa maganar ba, shi ma bai taɓa jin kunyar gaishe ni ba. Mutumin da in ya kai Kawu ɗaurin aure shi ke fara karɓar alawa kafin waliyyi. Na ce ya miƙo mini filaya, ya nuna mini ita da haɓa. Da haɓa fa! Sai shawara kamar ruwan sama: "Injiniya, da ka naɗe hannun riga." "Injiniya, wancan ba ta nan yake ɗaura shi ba." Wai shi a dole ya ga yadda mai gyara ke yi.

Na fara buɗe murfin gwangwanin don in ga ko da sauran ƙwaya, na leƙa kamar mai duba tukunyar miya. Wani tururi ya daki hancina ya wuce har ƙeya. Ashe kawar da kai ake yi. Na rufe da sauri ina tari, direba ya ce, "Sannu, akwai yaji ko?"

Duk da haka aiki ya fara kyau. Tiyon ya ƙi shiga bakin mahaɗa, na roƙi Baba maigadi ruwan zafi daga filas ɗin shayinsa, ya ba ni rabin kofi yana kallona kamar na roƙi gado. Na tsoma bakin tiyon ya yi laushi, ya zarce lif. Na ɗaure na shigowar ruwa. Noti ɗaya na matsa da filaya ya ce ƙas, ya tsage, domin da hannu ake ɗaure na roba, amma na sayo da rara, na sa wani babu wanda ya gani. Saura tiyon fita. Na haɗa shi da gwangwanin, ɗaya bakin yana hannuna, na ɗago shi saitin fuskata ina duba ko na yanke shi daidai.

Sai aka kawo wuta.

Jama'a, ban ma ji ihun yaran unguwa ba, ƙugin famfon na fara ji a bayana. Kafin in ce me, ruwan da ya kwana a kan ƙwayoyin nan ya fito ta tiyon hannuna ya tsarge ni daga hula har ƙirji. Na toshe da babban yatsa. Wanda ya taɓa toshe tiyon wankin mota ya san abin da ke biyo baya: ruwan ya rabu biyu, rabi a wuyan rigata, rabi a kunne. Na saki, tiyon ya shiga rawa kamar maciji an taka masa wutsiya, ya zane mini wando, ya dawo ya zane bayan riga. Can kuma ramin bututun da ban toshe ba shi ma yana nasa feshin har rufi. Makunnin yana bango, taku uku, amma idona ya rufe da raɗaɗi, hanci na zuba, ina lalube sai na kama tsintsiya. Ina ta cewa, "Kashe! Kashe!" Direba na amsawa, "Wanne daga ciki, Injiniya?" Daga baya na gane hannunsa ba ya da sarari, waya yake riƙe da ita.

Na fito a guje ido rufe. Abin da na tuna kawai shi ne an ce in kilorin ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa, kuma ga ruwa mai yawa. Har gobe ina nan a kan cewa da gangan na faɗa. Matsalar ita ce ina shiga na tuna ban iya iyo ba. Na nutse, na taso, na sha, na yi kalmar shahada, na kira sunan Inna, ina dukan ruwa da hannu biyu, babbar rigar ta buɗe a kaina kamar lema. Hulata ta kama hanyarta zuwa ɗaya gefen. Na hango Hajiya da 'yan matan gidan da wasu baƙi biyu da ban sani ba a barandar bene, na ce to aƙalla akwai shaidu. A raina na fara yafe wa mutane bashi, amma ban da mutum ɗaya.

Baba maigadi ya taho a hankali, rediyonsa a hammata, ya tsaya a gefe ya dube ni tsaf. Ya ce, "Ɗan nan, miƙe tsaye mana."

Na miƙe. Ruwan iya cibiyata.

Babu wanda ya yi dariya nan take, kuma wannan shirun ya fi dariyar ciwo. Sai ƙaramar jikar Kawu ta ce daga sama, "Kaka, me ya sa yake kuka?" Shi ke nan aka ɓarke. Famfon ma babu wanda ya kashe shi, wutar ce ta sake ɗaukewa don kanta.

Shaddar kuwa, kafin in kai mota ta fara canja launi. Inda ruwan ya zana ya koma ja-ja, wani wurin kamar ruwan goro, kamar an kai ni marinar Ƙofar Mata marini ya yi fushi a tsakiyar aiki ya tafi. Kawu ya fito cikin babbar riga zai tafi ɗaurin auren, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "An gama?" Na ce saura kaɗan. Ya ara mini jallabiyarsa, wadda ta tsaya mini a ƙwauri.

Mai gyaran ya zo Litinin. Ya ce tiyon da na sayo mai kyau ne, sai dai bawul ɗin na juya shi baibai, akwai 'yar kibiya a jikinsa da ke nuna inda ruwa zai bi, ni na ɗauka tambarin kamfani ne. Ya shafa wa robar murfin man silikon, ya ce kada a kuskura a sa basilin, kumbura ta yake yi. Ya diga maganin gwaji a ruwan ya ce kilorin ya ɗan haura 3 a ma'auninsa, wato ya ɗan yi yawa, a bari ya kwana kafin yara su shiga. Kuɗin da ya faɗa tun farko shi ya karɓa, bai rage ko sisi ba.

Ragowar tiyon na nan a but ɗin motata in akwai mai so. Filayar kuma, an ce an ga irinta a motar Kawu, a aljihun ƙofar direba.