Ni da Gafiyar Pennsylvania

Gidan da muke haya a ƙauyen jihar Pennsylvania yana da fili a baya mai tsawo, har sai ka gaji da tafiya kafin ka kai ƙarshensa. A can ƙurya uwargida ta yi lambunta: yakuwa, kuɓewa, wake da ɗan tattasai. Duk wanda ya san kuɗin da ake sayar da ƙullin yakuwa a shagon 'yan Afirka a Amurka zai gane cewa wannan lambu jari ne.

Sai ga baƙuwa. Wata dabba ce da suke kira groundhog, gajeruwa mai ƙiba, mai haƙoran gaba, tana haƙa rami mai ƙofofi da yawa. Ta ɗan yi kama da gafiyarmu ta gida, shi ya sa gafiya muke ce mata. Da wake ta fara. Da ta gama da shi ta koma kan kuɓewa, ta bar yakuwa sai ƙarshe, da alama ita ma ta san abu mai daɗi.

"Malam, ko dai ka yi maganinta, ko ka riƙa sayo mini yakuwa har damina ta fita," in ji uwargida. "Kuma ban yarda da ƙarar bindiga ba. Matar can tana da jariri, ga dawakin mutane."

Maƙwabcinmu na ɗaya ɓangaren wani dattijo ne Bature, tsohon makanike, wanda ba ya sayen harsashi a kanti, da hannunsa yake ɗurawa. Da na kai masa kuka sai fuskarsa ta washe, ka san mutumin da ya daɗe yana jiran wanda zai yi wa lacca. Ya ja ni ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, inda ya jera kwanson harsasai, da injin matsa su, da sikeli, da wani littafi mai kauri da ba ya yarda a ɗora masa kofin shayi.

Ya ce ƙarar bindiga iri biyu ce. Akwai ta fashewar albarushi a bakin bindiga, wannan salansa, wato bututun da ake ɗaura wa bakin bindiga, ke rage ta. Akwai kuma tsawar da harsashi ke yi idan ya fi sauti gudu, ita kuwa babu salansar da ke maganinta. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa guda idan zafi ya kai digiri 20, wato wajen ƙafa 1,125, kuma idan gari ya yi sanyi gudunsa raguwa yake yi. Dabarar ita ce a ɗauki harsashi mai nauyi a tura shi a hankali, ya tsaya ƙasa da wannan iyaka. Bindigarsa irin .300 Blackout ce, wadda aka tsara don ta iya wannan aiki. Salansar kuwa sai da ya yi mata rajista da gwamnatin tarayya, bisa wata doka ta 1934, ya yi ta jiran takarda.

Ni dai gafiya ce ta kawo ni, amma sai na tsinci kaina a ajin kimiyya.

Da aka zo awon albarushi ne na ga ikon Allah. Ma'auninsu giren ne, kuma giren 7,000 ke cika laba ɗaya. Dattijo ya sa tabarau, ya riƙe numfashi, yana ƙara ƙwaya yana ragewa kamar mai sayar da zinare. Don in nuna masa ni ma ɗan gado ne, sai na ba shi labarin kawuna maharbi, wanda ke ɗura adakarsa da tafin hannu, ya tura tsumma ya danna da sanda, idan naman babba ne ya ƙara ɗan kaɗan don albarka. Dattijo ya cire tabarau ya dube ni ya daɗe.

"Yatsunsa nawa yanzu?"

Na ce wannan sirrin dangi ne.

Daga nan ya hana ni taɓa sikelin. Ya ce a wannan sana'a rage albarushi da ka haɗari ne daidai da ƙara shi: idan ya yi kaɗan, harsashi na iya maƙalewa a cikin bututu, na biyu ya zo ya tarar da shi, bindiga ta tsage a fuskarka. Abin da littafi ya ce shi ake bi. Aikina ya koma goge kwanso da miƙo abu. Muka je filin gwaji da wata na'urar auna gudun harsashi, muka saita bindiga a yadi 50. Ya ja mini kunne cewa harsashi mai tafiyar hawainiya saurin faɗuwa yake yi, idan nisa ya ƙaru sai an ɗaga saiti. Na gyaɗa kai. A lokacin lissafin kuɗin lasisin farauta nake yi a zuci.

Dokar jihar ta ce mai farautar wannan dabba sai ya sa hula ruwan lemo mai ƙyalli, kuma ba a harbi kusa da gidan mutane, sai an ba da yadi 150. Haka na kwanta rub da ciki a cikin ciyawa bayan la'asar, magidanci da 'ya'ya, da hular da ake hangowa daga wata unguwa, wai ina ɓuya. Dattijo na gefena a kan kujera da tabaron hangen nesa. Sauro ya ci rabonsa, kaska ma ta zo gaisuwa.

Can sai ga hajiya. Ta fito ta hau tarin itacen da ke bayan durom ɗin ruwan ban-ruwa, shuɗi, na roba, wanda uwargida ta saya da kuɗin adashinta. Ta miƙe tsaye da ganyen yakuwa a hannu, rabin jikinta a saman durom. Nisa ya ninka na filin gwaji har da ɗoriya. Dattijo ya raɗa mini wani abu, na ɗauka addu'a yake yi mini. Na ɗora saiti a kanta daidai, na yi bisimilla, na ja kunama.

Wallahi aikin Dattijo ya yi kyau. Ɗan "fut" kawai na ji, ko tsuntsu bai tashi ba. Jariri bai farka ba, dawaki ba su motsa ba. Ita ma gafiya ba ta motsa ba. Taunarta kawai take yi, tana kallon ruwan da ya fara tsartuwa daga cikin durom.

Ina ƙoƙarin sa harsashi na biyu sai wayata ta ɓarke da kiɗa a aljihu, da iyakar ƙarfinta. Yayata ce daga Kano, kiran bidiyo. Gafiya ta yi wani fito mai kaifi ta faɗa rami. Cikin ruɗewa na danna amsa.

"Kai, lafiya? Me kake yi a kwance cikin ciyawa? Wannan wace irin hula ce? Aikin shara ka koma ba ka gaya mana ba?"

Dattijo ya yi dariya har sai da ya nemi maganin asmarsa.

Durom ya tsiyaye tas kafin magariba. Na sayi sabo, na sayi wayar shinge na binne gindinta a ƙasa kamar yadda uwargida ta ce a yi tun ranar farko. Gafiya ta haura ta sama. Da sanyi ya shigo ta shige raminta ta kama barcin watanni, da yakuwarmu a cikinta.

Ranar 2 ga Fabrairu 'yar autarmu ta dawo daga makaranta da hoton gafiya da ta yi wa fenti. Ashe ranar bikinta ce. A garin Punxsutawney, a cikin jihar nan tamu, tun 1887 ake taruwa da asuba, manyan mutane da dogayen huluna su ɗaga ta sama, wai ita za ta faɗi ko sanyi zai daɗe. Uwargida ta karɓi hoton ta manna a jikin firij, daidai tsayin idona.

"Malam, gwada wannan," ta ce. "Ita ba ta motsi, kuma babu durom a gabanta."